Masu Busa na Ƙauyen Giraimtof

Yara, wa ya taɓa zuwa kallon fareti ranar 18 ga Disamba? Duk wanda ya je ya ga sojojin nan da ke tafe a gaba riƙe da ƙahonin tagulla masu walƙiya. Wasu ƙahonin ƙanana ne kamar begila, wasu kuwa manya, sai mutum ya rungume su kamar tulu. Su muke kira fanfar, wasu kuma su ce badujala. A ƙasarmu galibi masu kayan sarki ne ke wannan busa. Amma akwai ƙasar da talakawa ma'aikata, masaƙa da masu haƙar ƙasa, suka mayar da ita tasu. Ƙasar ita ce Ingila. Yau za mu karanta labarin masu busa na wani ƙauye can, da abin da ya same su sa'ad da aikin da ke ciyar da ƙauyen ya ƙare.

Ƙauyen da rami ya haifa

Ƙauyen yana arewacin Ingila, cikin yankin Yokshiya, kusa da garin Bansili. Turawa suna rubuta sunansa Grimethorpe. Mu za mu rubuta Giraimtof, yadda bakinmu zai iya faɗi. Da can ƴan gidajen manoma ne kawai a wurin. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka haƙa babban rami don fid da gawayin ƙasa. Mutane suka taho daga ko'ina neman aiki, aka gina gidaje layi-layi, da kantuna, da makaranta.

Gawayin ƙasa ba irin gawayin da iyayenku mata ke sa wa murhu ba ne. Ba a ƙona icce a same shi. Baƙin dutse ne mai cin wuta, yana kwance cikin ƙasa tun zamanin da ba mutum a duniya. Mu ma muna da shi a Anu Araran, cikin jihar Agadas, inda ake ƙona shi a samu wutar lantarki. A Anu Araran ana yaye ƙasa daga sama a kwashe shi. A Giraimtof kuwa sai an shiga can ƙasa. Ma'aikata su shiga wani keji na ƙarfe, a zura su da igiya ɗaruruwan mitoci, kamar guga cikin rijiya. Can ba rana, ba iska sai wadda inji ya tura. Rufi yana iya rubzawa. Ƙurar gawayi tana shiga ƙirji a hankali, har mutum ya tsufa yana tari yana haki.

A shekarar 1917, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, ma'aikatan ramin suka kafa ƙungiyar masu busa. Kamfanin da ke da ramin ya ba da kuɗi, su ma ma'aikatan suka riƙa zuba nasu cikin asusu. Ba su ne na farko ba. Tun kafin su, masaƙu da ramuka da yawa a Ingila suna da tasu ƙungiya, har ƙungiyoyin suka kai dubbai. Masu kamfani suna son abin, don yana tallar sunansu, yana kuma hana ma'aikata zaman gidan giya. Idan aka ji labarin wani gwanin busa, sai a ba shi aiki a ramin, sau da yawa a saman ƙasa, don ya samu sukunin koyo. Ma'aikata kuma suna son abin don nasu ne. In an yi biki, su ke gaba. In sandika ta fito jerin gwano da tutocinta, su ke gaba. In wani ya mutu a rami, su ke raka shi.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, mutanen da ƙura ke cin ƙirjinsu da rana, su ne da dare suka zaɓi kiɗan da ba ya yiwuwa sai da numfashi.

Yadda ƙaho ke magana

Kafin mu ci gaba, bari mu duba kayan aikin. Kun san kakakin da ake busa wa sarki, kamar a fadar Damagaram ranar hawan salla. Mai kakaki ba hura iska kawai yake yi ba. Yana matse leɓunansa, ya tura iska tsakaninsu har su yi karkarwa. Karkarwar leɓe ita ce muryar, dogon bututun kuwa shi ke ɗaukarta ya ƙara mata ƙarfi. Haka begila take, haka duk ƙahonin fanfar suke.

Ga doka guda da za ku riƙe: gajeren bututu yana ba da siririyar murya, dogon bututu yana ba da kakkaurar murya. Ƙaramin ƙahon da ake kira kornet, in aka miƙe shi, bai kai mita ɗaya da rabi ba. Babban da ake kira bas ya wuce mita 5. An nannaɗe su ne kawai don hannu ya iya riƙewa.

Kakaki tsawonsa ɗaya ne, ba ya sakewa, shi ya sa muryoyinsa kaɗan ne. Wajen shekarar 1815 wasu maƙera a Jamus suka ƙago dabara. Suka sa wa ƙaho maɓallai. In ka danna maɓalli, sai iska ta bi ta wani ƙarin bututu kafin ta fita, wato ƙahon ya ƙara tsawo nan take. Da maɓallai uku sai ƙaho ɗaya ya iya ba da dukan muryoyin waƙa. Bayan haka wani mutumin Beljik mai suna Adolphe Sax, wanda aka haifa a 1814, ya buɗe maƙera a birnin Pari. Ya ƙera ƙahoni iri ɗaya, ƙarami da matsakaici da babba, kamar ƴaƴan gida guda.

Wannan ne ya buɗe wa ma'aikata ƙofa. Ƙahonin ba su da tsada ƙwarai, ba su saurin lalacewa. Yatsu uku na hannun dama sun isa, ko da hannun ya yi kanta saboda diga da shebur. Kuma dannawar iri ɗaya ce a kusan dukansu. Yaron da ya koyi kornet, in ya girma ƙirjinsa ya buɗe, yana iya komawa kan babban ƙaho ba sai ya sake koyo daga farko ba.

Cikakkiyar ƙungiya tana da masu busa 25, da makaɗa biyu ko uku, da jagora guda da ke tsaye a gabansu da ƴar sanda. Kowa da takardarsa a gabansa, don kiɗan a rubuce yake. Wani lokaci mai babban ƙaho sai ya daɗe zaune yana ƙirga a zuci, sannan ya busa murya biyu ko uku ya sake yin shiru. In ya shigo kafin lokacinsa, ya ɓata aikin mutum 24.

Alƙali cikin akwati

Mu a nan muna da kokawa. Kowace jiha ta tura ƙarfafanta, a kara, wanda ya ka da kowa ya ɗauki takobi. Masu busa na Ingila su ma haka suke da gasa, kuma suna ɗaukarta da zafi kamar yadda muke ɗaukar kokawa. Wata babbar gasarsu tun 1853 aka fara ta a birnin Manchesta. Gasar ƙasa kuwa an fara ta a 1900. Ana soma ta yanki-yanki, waɗanda suka yi fice su hadu a Landan cikin watan Oktoba, a wani babban zaure mai suna Royal Albert Hall, wanda ke ɗaukar mutum fiye da 5,000.

Ku saurari yadda ake yin hukunci, don zai yi mana amfani a gaba. Ana ba dukan ƙungiyoyi kiɗa guda, mai wuya, su yi makonni suna koyonsa. Ranar gasa a jefa ƙuri'a, kowace ƙungiya ta samu lambarta. Alƙalai kuwa a shigar da su wani ɗan ɗaki kamar akwati a tsakiyar zaure, a rufe su da labule. Ba su ganin masu busa, ba a faɗa musu sunan ƙungiya. In sun shirya sai su busa usur, ƙungiya ta fara. Haka za su wuni suna jin kiɗa ɗaya daga ƙungiya wajen 20, suna rubuta maki a gaban lamba. Sai an gama duka a haɗa lamba da suna.

Na taɓa gwada wannan dabara a ajina ranar gasar karatu. Na juya wa allo fuska, na bar yara suna karantawa ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi ba, don na san muryar kowa. Ƙaho kuwa ba ya tona asirin mai shi.

Giraimtof ta ci gasar ƙasa a 1970. Daga 1972 wani gwani mai suna Elgar Howarth ya zama mai ba ta shawara. Ya sa manyan masu tsara kiɗa suka rubuta mata sababbin kiɗe-kiɗe, sunanta ya fita har ƙasashen waje. Amma kofin Landan ya ƙi dawowa. Shekara ta bi shekara, wasu ke ɗauka.

Mako guda cikin Oktoba 1992

Ana nan sai zamanin gawayi ya fara juyawa. Gwamnati ta ce ramuka da yawa ba su kawo riba, gara a rufe su. Sandikar masu haƙar gawayi, ƙarƙashin Arthur Scargill, ta ƙi. Daga Maris 1984 zuwa Maris 1985 ma'aikata suka yi yajin aiki, kusan shekara guda ba albashi. Gwamnatin Margaret Thatcher ba ta ja da baya ba. A ƙarshe ma'aikata suka koma aiki ba su samu abin da suka nema ba, aka ci gaba da rufe ramuka. Daga baya tashoshin lantarki suka fara komawa ga iskar gas da gawayin da ake sayowa daga waje da araha. Gwamnati ta ce lissafi ne kawai. Mutanen ramuka kuwa da yawansu suka ce ana hukunta su ne saboda yajin.

Ranar Talata 13 ga Oktoba 1992, minista Michael Heseltine ya tsaya a bayan sanarwar cewa za a rufe ramuka 31 cikin 50 da suka rage. Mutum wajen 30,000 za su rasa aiki. Sunan Giraimtof yana cikin jerin. Gasar ƙasa kuwa ranar Asabar ce ta wannan makon, 17 ga wata.

Ku sa kanku a matsayin ɗaya daga cikin masu busan nan. Da yawansu albashinsu daga ramin yake fitowa. Yau an gaya maka aikinka ya ƙare, da na wanka, da na maƙwabcinka. A gida mai ɗakinka tana tambaya yadda za a yi da kuɗin haya. Ƴan jarida sun cika ƙauye da na'urorin ɗaukar hoto. Ga shi kuma da dare ana jiranka ɗakin koyo, ka zauna ka ƙirga, ka shigo daidai lokacinka. Mai busa ba ya iya ɓoye tashin hankali, don in numfashi ya yi rawa, murya ma sai ta yi rawa.

Suka je koyo. Ranar gasa suka hau fage a Landan da jagoransu Frank Renton. Kiɗan wannan shekara Philip Wilby ne ya tsara shi, sunansa The New Jerusalem, wato Sabuwar Ƙudus. Da aka gama aka karanta sakamako, Giraimtof ce ta ɗaya, da maki 99 cikin 100. Shekara 22 ke nan rabonsu da wannan kofi.

Wani yana iya cewa tausayi ne aka ji musu. Jama'ar da ke zaure lalle sun tausaya, sun kuma yi tafi. Amma ku tuna inda alƙalai suke zaune. Lamba ce a gabansu, kunne kuma shi ne ma'auninsu. A ganina abin da ya ci gasar nan shi ne dubban dararen da mutanen suka yi suna koyo tare tun kafin masifa ta zo. Da ta zo, yatsu da leɓuna sun riga sun san hanya.

Bayan an rufe rami

Labarin nasarar ya bazu cikin jaridu da talabijin. Mutane da yawa a Ingila suka yi fushi da maganar rufe ramuka, aka yi manyan jerin gwano a Landan, gwamnati ta ɗan jinkirta wa wasu ramukan. Amma kofi bai ceci Giraimtof ba. A watan Mayu 1993 aka rufe ramin, daga baya aka rushe gine-ginensa. Kantuna suka fara rufewa. Masu ƙarfi suka tafi neman aiki wani wuri, aka toshe tagogin gidajensu da katako. Samari suka rasa abin yi. A 1994 wani bincike na Tarayyar Turai ya nuna Giraimtof ce ƙauye mafi talauci a ƙasar.

Ƙungiyar masu busa ita ma ta shiga uku. Rami ne ubanta, shi ke ba ta kuɗi, shi ke ba mutanenta aiki. Ƙaho yana son gyara, mota zuwa gasa tana son mai, jagora yana son ladansa. Ƙungiyoyi da yawa irinta, da masaƙarsu ko raminsu ya mutu, suka watse, aka sayar da ƙahoninsu. Ta Giraimtof ba ta watse ba. Ƴan ƙungiyar suka ci gaba da haduwa, suna zuwa busa duk inda aka gayyace su, suna riƙe kansu da abin da aka biya su.

Sai taimako ya zo ta hanya biyu. Wajen 1995 wani kamfanin gawayi mai suna RJB, na Richard Budge, wanda ya sayi yawancin ramukan da suka rage, ya ɗauki nauyinta. Sannan a 1996 aka fito da silima mai suna Brassed Off, wadda Mark Herman ya shirya. Sunan yana da harshen damo, yana nufin tagulla, yana kuma nufin mun gaji, an kai mu bango. Faransawa sun sa mata suna Les Virtuoses, har suka ba ta kyautar César a 1998. A cikin ƙauyen aka ɗauki yawancin hotunanta, kuma busan ƙungiyar da ke cikin labarin, ƙungiyar Giraimtof ce ta yi shi.

Ku lura, silima ba tarihi ba ce. An sake wa ƙauyen suna, an ƙago mutane, an sa labarin soyayya. A cikinta jagoran tsoho ne mai ciwon ƙirji, wanda ya tashi daga gadon asibiti ya je Landan, da aka miƙa masa kofi ya ƙi karɓa, ya ce mutane sun fi kiɗa daraja. Wannan aikin mai shirya silima ne. Amma rufe ramin gaskiya ne, wahalar gidajen gaskiya ce, nasarar ma gaskiya ce.

Bayan silimar sai gayyata ta yi ta zuwa daga nesa, har Ostiraliya da Japan. Ƙungiyar ta sake cin gasar ƙasa a 2006, ta kuma maimaita a 2007, ƙarƙashin jagorancin Allan Withington. A watan Yuli 2012 tana cikin waɗanda suka yi busa a bikin buɗe wasannin Olamfik na Landan, duniya tana kallo. Masu busan sun sake. Waɗanda suka zo daga baya ba su taɓa shiga keji ba, kowa da sana'arsa, wasu daga wasu garuruwa suke tahowa koyo. Ƙauyen ma ya ɗan farfaɗo, an yi sababbin hanyoyi da gidaje da manyan ɗakunan ajiyar kaya, ko da yake aikin da ake samu a ciki bai kai na rami albashi ba.

A watan Satumba 2015 Giraimtof ta ci tsohuwar gasar nan da aka fara a 1853, jagoranta Robert Childs. Wata uku bayan haka, ranar 18 ga Disamba, muna nan muna bikin Jamhuriya, aka rufe Kellingley, rami mai zurfi na ƙarshe da ake haƙar gawayi a Ingila. Shi ma a Yokshiya yake. A 2017 ƙungiyar ta cika shekara 100, kuma ba ta cire kalmar ramin gawayi daga sunanta ba.

Kalmomi

Sandika: ƙungiyar ma'aikata mai kare haƙƙinsu.
Yajin aiki: ma'aikata su haɗa baki su ƙi aiki har a saurare su.
Kanta: taurin fatar hannu saboda aikin ƙarfi.
Harshen damo: magana mai ma'ana biyu.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin gawayin ƙasa da gawayin icce? Ina ake samun gawayin ƙasa a Nijar?
2. Me ya sa ƙaho mai maɓallai ya fi kakaki yawan muryoyi?
3. Don me ake rufe alƙalan gasa cikin akwati? Za a iya yin haka a kokawa? Ku faɗi dalili.
4. Shekara nawa ƙungiyar take da ita lokacin da aka rufe ramin?
5. Ramuka 50 ne, aka ce za a rufe 31. Nawa za su rage?
6. A garinku ko ƙauyenku, wace sana'a ce in ta tsaya mutane da yawa za su wahala?

Aiki

Kowa ya zo gobe da karan ganyen gwanda guda biyu, ɗaya dogo ɗaya gajere. Za mu yanke bakinsu, mu matse leɓe mu busa, mu ji wanne ya fi kaurin murya. Wanda akwai mai kakaki ko mai algaita a unguwarsu ya je ya gaishe shi, ya tambaye shi a wurin wa ya koya, da shekara nawa ya yi yana koyo. Ku rubuto amsar cikin kayenku.